Yaƙin Rasha da Yukiren: Tsoron NATO ne, ko dai ƙasar ake so?

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ka ɗan sammin fili in tofa albarkacin bakina kan wannan musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wato ainihin abin da ya sa Rasha ta afka wa Yukiren. Tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da tankokin Rasha suka tsallaka iyaka ake ta ja-in-ja, kuma abin da na lura mutanenmu da yawa sun riga sun yanke hukunci, da ka ɗaga maganar sai a ce maka ai ƙungiyar tsaro ta NATO ce ta ja, Putin kare kansa yake yi, shikenan an rufe babi. Ni kam wallahi wannan amsa ba ta cika min ciki ba, kuma ba wai don ina ƙaunar Amurka ba ne, ita ma zan zo kanta in sha Allahu.

Babu shugaban da zai tura soja ƙasar maƙwabcinsa sannan ya fito a talabijin ya ce jama'a ƙasar nan nake kwaɗayi. A da can ana yi ba kunya, sarki ya ci gari da yaƙi a yi masa kirari, amma tun da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 aka rubuta a kundinta cewa ba a yarda wata ƙasa ta yi amfani da ƙarfi ta taɓa iyakar wata ba, to dole kowa ya nemo hujjar da zai riƙe. Wani ya ce an tsokane shi, wani ya ce 'yan'uwansa ake kashewa a can, wani ya ce dama ƙasar ta kakanninsa ce aka yanke masa, a fake da guzuma a harbi karsana. Shi ya sa ni ba na tsayawa sosai kan jawabin da aka yi daren da za a fara yaƙi, abin da nake kallo shi ne me aka yi da garin bayan an ci shi. Tutar wa aka kafa, kuɗin wa ake kashewa, wane littafi aka miƙa wa yara a makaranta, kuma sojan nan da shirin komawa gida ya zo ko da shirin zama.

Waɗanda suka ɗan manyanta za su tuna Saddam Husaini da Kuwait, kuma ina so in ɗan daɗe a kai don abin ya faru a gaban idonmu kuma mun ga ƙarshensa. Ranar 2 ga Agustan 1990 sojojin Iraƙi suka shiga Kuwait, cikin kwana biyu suka gama da ita. Kafin nan ƙorafin Saddam na kuɗi ne zalla, ya fito daga yaƙin shekara takwas da Iran bashi ya yi masa katutu, Kuwait kaɗai tana bin sa kusan dala biliyan 14 kuma ta ƙi yafewa, sannan yana zargin ta da haƙo mai fiye da kason da OPEC ta ware mata har farashi ya faɗi, da kuma zuƙe man rijiyoyin Rumaila ta ƙarƙashin iyaka. To amma da sojoji suka shiga sai labari ya canza, aka ce wai wasu 'yan juyin juya hali ne na Kuwait suka kifar da gidan sarautar Al-Sabah suka nemi Iraƙi ta kawo musu ɗauki, har aka naɗa wata gwamnatin jeka-na-yi-ka. Gwamnatin nan ko mako guda ba ta cika ba, ranar 8 ga wata aka ce an haɗe ƙasashen biyu, ranar 28 ga wata aka ce Kuwait ta zama lardi na 19 na Iraƙi, aka canza wa babban birnin suna, aka soke dinarin Kuwait, aka turo ɗan'uwan Saddam Ali Hassan al-Majid ya zama gwamna. Yanzu don Allah mai neman a yafe masa bashi me ya haɗa shi da canza wa gari suna?

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin shi ne da Saddam ya ga duniya ta taso masa sai ya janyo Falasɗinu, ranar 12 ga Agusta ya ce ba zai fita ba sai Isra'ila ta fita daga yankunan da ta mamaye, a Janairun 1991 ya sa aka rubuta Allahu Akbar a tutar Iraƙi, ya harba makamai masu linzami Tel Aviv, nan da nan Musulmi da yawa a duniya suka ɗauke shi gwarzo. Alhali ƙasar Musulmi ya mamaye, kuma ba ta Kuwait ake bi a je Ƙudus ba. Falasɗinawa kusan 400,000 ne ke zaune a Kuwait kafin yaƙin suna neman abincinsu, bayan yaƙin mafi yawansu sun bar ƙasar, wasu gudu wasu kora, su aka bari da jinya. Shi kuma da zai fita ya cinna wa rijiyoyin mai sama da 600 wuta. Abin da yake so tun farko bai ɓuya ba, mai da bakin teku, musamman tsibiran Bubiyan da Warba da suka toshe wa Iraƙi hanyar fita teku, kuma tun 1961 shugaban Iraƙi na lokacin Abdulkarim Ƙasim ya taɓa cewa Kuwait ta Iraƙi ce.

To mu dawo kan Yukiren. Masu cewa NATO ce sila ba surutun banza suke yi ba, suna da abin riƙewa kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. A Fabrairun 1990 lokacin da ake tattauna haɗewar Jamus, sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya faɗa wa shugaban Tarayyar Sobiyet Gorbachev cewa NATO ba za ta matsa gabas ba ko da inci ɗaya, maganar ba ta shiga cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu ba amma dai an faɗe ta. Bayan nan a 1999 Poland da Hungary da Jamhuriyar Czech suka shiga, a 2004 wasu ƙasashe bakwai suka biyo baya har da Estoniya da Latbiya da Lituweniya waɗanda da can cikin Tarayyar Sobiyet suke. Putin ya yi kuka a fili a taron Munich na 2007, aka yi kunnen uwar shegu da shi, a taron Bucharest na Afrilun 2008 ma sai NATO ta rubuta cewa Yukiren da Jojiya za su zama mambobi wata rana. Wannan ganganci ne a ganina, an ɗaga wa ƙasashen biyu rai ba a ba su kariya ba, an kuma fusata Mosko a banza. Kuma gaskiya ne Amurka ba ta lamunci Sobiyet ta girke makamai masu linzami a Kuba ba a 1962. Duk na yarda, in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Amma fa a duba kwanan wata. Lokacin da Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukiren a Maris ɗin 2014, dokar Yukiren ta 2010 tana nan daram, wadda ta ce ƙasar ba za ta shiga kowane ƙawancen soja ba, sai a Disambar 2014 majalisarsu ta soke ta, bayan an riga an yanke musu ƙasa. Sansanin jiragen ruwan Rasha da ke Sevastopol a Kirimiya ma akwai yarjejeniyar haya da aka tsawaita har 2042, ba wanda ya kore su. Abin da ya fito da mutane kan titi a Kiev a ƙarshen 2013 yarjejeniyar kasuwanci ce da Tarayyar Turai wadda shugaban Yukiren na lokacin Yanukovych ya fasa sa wa hannu, ba NATO ba. Kuma tun 2008 Jamus da Faransa ne da kansu suka hana a ba Yukiren jadawalin shiga ƙungiyar, har zuwa 2022 ba a ba ta ba, babu ranar shiga, babu makamin nukiliyar NATO ko ɗaya a ƙasarta. Ita ce ma ta miƙa wa Rasha makaman nukiliyar da ta gada daga Sobiyet bayan yarjejeniyar Budapest ta Disambar 1994, inda Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta.

Sai kuma maganar Finland, wadda har yau ban ji wanda ya ba ni amsa mai gamsarwa a kanta ba. Ƙasar nan tana da iyaka da Rasha mai tsawon kilomita sama da 1,300, daga iyakarta zuwa birnin St Petersburg mahaifar Putin tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, ta shiga NATO a Afrilun 2023, Suwidin ta biyo ta a Maris ɗin 2024, iyakar Rasha da NATO ta ninka ko ma fiye. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba. Putin da bakinsa a Mayun 2022 ya ce shigar ƙasashen biyu ba barazana ba ce kai tsaye ga Rasha, sai dai in an girke kayan yaƙi a can. To in har kusantar NATO ce ke sa a tura tankoki, me ya sa wadda ta shiga ta zauna lafiya, wadda ko ranar shiga ba a ba ta ba aka ragargaza mata garuruwa? Bambancin da nake gani ɗaya ne, Putin bai taɓa rubuta cewa mutanen Finland da Rashawa al'umma ɗaya ba ce, amma ya rubuta haka a kan Yukiren.

A Yulin 2021 ya fitar da doguwar maƙala da sunansa yana cewa Rashawa da 'yan Yukiren mutane ɗaya ne, kuma 'yancin Yukiren na gaskiya ba zai yiwu ba sai tare da Rasha. Ranar 21 ga Fabrairun 2022, kwana uku kafin yaƙi, ya yi jawabi na kusan awa guda, wani babban ɓangarensa darasin tarihi ne, wai Lenin da 'yan Bolshevik ne suka ƙirƙiri Yukiren da filayen Rasha. A Yunin 2022 kuwa yana hira da wasu matasa ya kwatanta abin da yake yi da na sarki Peter Mai Girma, wanda ya yi shekara 21 yana yaƙi da Suwidin, ya ce ai sarkin ba ƙwace ya yi ba, dawo da abin Rasha ya yi, kuma da alama yanzu su nauyin dawowa ya hau. Ba Amurka ce ta ce ya faɗa ba fa Malam Edita, a shafin fadar Kremlin aka wallafa. Abin mamaki masu kare shi a nan sun fi shi nacewa kan NATO.

Yanzu ga abin da aka yi da garuruwan. Birnin Kherson shi ne babban birnin lardi ɗaya tilo da Rasha ta iya kamawa tun fara mamayar 2022, a farkon Maris ya faɗa hannunsu, mutanen garin suka riƙa fitowa dandali da tutar Yukiren suna ce wa sojojin su koma gida har aka tarwatsa su da harbi da hayaƙi mai sa hawaye. Kafin watan Mayu ya ƙare an fara shigo da kuɗin Rasha wato ruble, an karkatar da intanet da layukan waya zuwa na Rasha, a Yuni aka fara raba fasfon Rasha, da aka koma makaranta a Satumba sai ga manhajar Rasha da malaman da aka ɗauko daga can. Daga 23 zuwa 27 ga Satumba aka yi abin da aka kira zaɓen raba gardama, jami'ai suna bi gida-gida da akwatin ƙuri'a soja na biye da su da bindiga, aka fito da sakamako daga kashi 87 zuwa kashi 99 cikin ɗari. Ranar 30 ga wata Putin ya sa hannu cewa Donetsk da Luhansk da Zaporizhzhia da Kherson sun zama Rasha har abada. Abin dariya abin kuka, da 'yan jarida suka tambayi kakakinsa Dmitry Peskov ina iyakar sabbin lardunan ta tsaya sai ya ce za su tuntuɓi mazauna yankin tukuna, don birnin Zaporizhzhia kansa sojan Rasha bai taɓa taka shi ba, Kherson kuwa mako shida bayan bikin suka tattara suka tsallake kogin Dnipro suka bar shi. A Afrilun 2023 aka fitar da doka cewa wanda ya ƙi karɓar fasfon Rasha a waɗannan yankuna za a ɗauke shi baƙo, a garin da aka binne cibiyarsa. Ga batun yaran da aka kwashe zuwa Rasha, wanda a kansa ne kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta fitar da sammacin kama Putin a Maris ɗin 2023.

Maƙwabcinka ya ce yana tsoron ɓarayi za su riƙa bi ta gidanka su haura masa, ka ce to, sai ka wayi gari ya rushe katanga ya shigar da ɗakunanka huɗu cikin gidansa ya je ya canza takardun fili da sunansa, ya ce 'ya'yanka ma daga yau sunansa za su riƙa amsawa. Wa zai ce maka wannan tsoron ɓarayi ne? Kuma akwai abin da mutane ba sa lura da shi, a gyaran kundin tsarin mulkin Rasha na 2020 an sa cewa haramun ne a ba da wani yanki na ƙasar, wato da ya sa hannu a ranar 30 ga Satumba da gangan ya kulle ƙofa ya jefar da makulli, don ko wanda zai gaje shi ya ga wahalar mayarwa. Wanda ke neman abin ciniki a teburin sulhu ba ya yin haka.

Hujja ta biyu da ake kawowa wai an je ceton masu magana da Rashanci ne a Donbas, wato yankin Donetsk da Luhansk a gabashin Yukiren, da ake yi wa kisan kiyashi. An mutu a Donbas, ba ƙarya ba ne, ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan mutum 14,000 daga 2014 zuwa ƙarshen 2021, amma wannan ya haɗa da sojojin ɓangarorin biyu, fararen hula kusan 3,400 ne kuma yawancinsu a 2014 da 2015 lokacin da wuta ke ci sosai. A duk shekarar 2021 fararen hular da aka kashe ba su kai 30 ba. Rai ko ɗaya ba abin wasa ba ne, amma a gwada wannan da abin da ya samu Mariupol, birni mai mutum sama da 400,000 wanda Rashanci ake yi a titunansa, aka yi masa ƙawanya kusan wata uku har ya koma kufai, gidan wasan kwaikwayon da mutane suka fake a ciki sun rubuta kalmar yara da manyan baƙaƙe a ƙasa a gabansa da bayansa don matuƙa jirgi su gani, ranar 16 ga Maris aka jefa masa bam. Kharkiv ma Rashanci ake yi, ita ma kullum cikin ruwan wuta. Waɗanda aka ce an je ceto su suka fi kowa shan wuya, kamar dai Falasɗinawan Kuwait. Maganar 'yan Nazi kuwa ba zan daɗe a kai ba, akwai masu tsattsauran ra'ayi a Yukiren kamar yadda suke a Rasha, amma a zaɓen majalisa na 2019 haɗakarsu kashi 2 da 'yan kai ta samu, shi kuma Zelensky da ya ci zaɓen shugaban ƙasa a shekarar da kashi 73 Bayahude ne kuma da Rashanci ya tashi.

Sai hujjar tarihi, wai Kirimiya dama ta Rasha ce shugaban Sobiyet Khrushchev ya ba Yukiren kyauta a 1954. To in tarihi za a bi me ya sa za a tsaya a 1954? A 1783 sarauniya Catherine ta haɗe yankin da Rasha, kafin nan daular Tatar ce, Musulmi ne masu sarakunansu da masallatansu, fadarsu tana nan a Bakhchisarai har yau. A Mayun 1944 Stalin ya sa aka loda su gaba ɗaya a taragon jirgin ƙasa cikin kwana uku aka kai su tsakiyar Asiya, dubbai suka mutu a hanya da kuma bayan isa, sai gab da rushewar Sobiyet aka bar su suka fara dawowa. Bayan mamayar 2014 kuma a 2016 aka haramta majalisarsu ta Mejlis. Ban cika jin masu yi wa Putin kirari suna ambaton waɗannan bayin Allah ba. Sannan a zaɓen raba gardama na 1 ga Disambar 1991 sama da kashi 90 na 'yan Yukiren suka zaɓi 'yanci, a Donetsk da Luhansk sama da kashi 80, a Kirimiya kanta kashi 54, kuma Rasha ta amince, ta sake amincewa a yarjejeniyar abota ta 1997.

Mu 'yan Afirka ya kamata wannan hujja ta tarihi ta fi ba mu tsoro fiye da kowa. Wace iyaka ce a nahiyar nan ba Bature ne ya zana ta ba, wace ce ba ta raba ƙabila ɗaya gida biyu ba? Shugabanninmu na farko sun san haka sarai, shi ya sa a taron Alƙahira na 1964 suka amince a bar iyakokin yadda aka gada, ba don suna da kyau ba sai don sun hango jinin da zai zuba in aka ce kowa ya je ya ɗauko taswirar kakansa. Abin da jakadan Kenya Martin Kimani ya tuna wa Kwamitin Sulhu kenan ana saura kwana kaɗan a fara yaƙin. Kuma mun ga waɗanda suka gwada, Gaddafi ya shiga zirin Aouzou na Chadi a 1973 da wata tsohuwar takardar Faransa da Italiya a hannu, aka yi ta zub da jini har kotun duniya ta yanke hukunci a 1994 ya fita, Idi Amin ya haɗe yankin Kagera na Tanzaniya a 1978 abin ya ci kujerarsa. Mussolini ma da zai afka wa Habasha a Oktoban 1935 cewa ya yi an tsokane shi a rijiyoyin Walwal kuma zai je ya hana cinikin bayi, da iskar guba ya je, abin da ke cin sa a rai kashin da Italiya ta sha a Adwa a 1896 ne da son kafa daula.

Na san abin da za a ce min, to Amurka fa? Ai kuwa ita ce ta ɓata ruwan tun daga sama. Sakataren harkokin wajenta na lokacin Colin Powell ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu ranar 5 ga Fabrairun 2003 yana ɗaga 'yar kwalba wai Iraƙi na da makaman ƙare dangi, aka shiga a Maris, aka duba ko'ina ba a samu komai ba, Kofi Annan da kansa ya ce yaƙin ya saɓa wa doka, kuma da Bagadaza ta faɗi ma'aikatar mai aka girke wa soja aka bar gidan tarihi ana wawashewa. A Libiya a 2011 izinin kare fararen hula aka karɓa aka ɓuge da kifar da gwamnati. Isra'ila ta kama Tuddan Golan a 1967 ta ce don tsaro ne, a 1981 ta shimfiɗa dokarta a kai, Kwamitin Sulhu ya ce wannan ba shi da wani tasiri a doka, amma a Maris ɗin 2019 Trump ya sa hannu ya amince mata. A Gaɓar Yamma da Kogin Jodan kullum tsaro ake ambata, kullum kuma sabbin gidajen 'yan kama-wuri-zauna ake ginawa, kuma ba wanda ke gina gida ya sa matarsa da 'ya'yansa a wurin da yake shirin bari. Ma'aunin da na auna Putin da shi, shi ne dai ya kama waɗannan. Abin da ban gane ba shi ne mutum ya gane dabarar sarai in an yi ta a Golan, in an yi ta a Kherson kuma sai ya ce dabarun tsaro ne. Fushin da muke yi da Yamma yana da dalili, amma ba manomin Kherson ne ya jefa bam a Bagadaza ba.

Ban ce dalili ɗaya ne tak a zuciyar Putin ba, ba na jin akwai yaƙin da ake yi don abu ɗaya. Akwai ruwa, don bayan 2014 Yukiren ta toshe magudanar da ke kai mafi yawan ruwan Kirimiya, kuma cikin kwanakin farko na yaƙin sojojin Rasha suka fasa madatsar. Akwai hanyar ƙasa da ta haɗa Rasha da Kirimiya ta gaɓar tekun Azov, akwai ƙasar noma da ma'adinai da masana'antu. Akwai siyasar cikin gida, farin jininsa ya haura kashi 80 bayan Kirimiya, kuma wannan tsohuwar dabara ce, Janar Galtieri na Ajantina kwana uku bayan wata gagarumar zanga-zanga a kansa ya tura soja tsibiran Falkland a Afrilun 1982, dandalin da ake zaginsa ya cika da masu yi masa tafi, da ya sha kashi a Yuni kuma kujerar ta tafi. Akwai ma tsoron kada Rashawa su ga 'yan'uwansu na kusa suna canza shugaba da ƙuri'a su fara tambaya. Kuma mai yiwuwa ne mutum ya yi ta maimaita maganar NATO har shi kansa ya yarda da ita. Amma in aka ɗora su duka a sikeli, a ganina wanda ya rinjaya shi ne bai yarda Yukiren ƙasa ce mai ikon kanta ba, NATO na ba shi haushi ne a nan don in ta shiga ta fi ƙarfin hannunsa har abada.

A tattaunawar Istanbul ta ƙarshen Maris ɗin 2022 wakilan Yukiren sun miƙa tayin zama 'yan ba-ruwanmu, ba NATO ba sansanin sojan waje, in za a ba su tabbacin tsaro, tattaunawar ta watse kuma har yau kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya laifi. Amma ranar 14 ga Yunin 2024 Putin ya fito ya jera sharuɗɗansa na tsagaita wuta a fili, kuma tare da batun NATO ya ce sai Yukiren ta janye sojojinta daga lardunan nan huɗu gaba ɗaya, har da biranen Kherson da Zaporizhzhia da ba sa hannunsa. 'Yan'uwa masu cewa NATO ce kaɗai, ina roƙon Edita ya ba su fili kamar yadda ya ba ni, su zo su yi mana bayanin me miƙa birnin Zaporizhzhia zai rage wa Mosko na barazana, tunda ga Finland can ta shiga an zauna lafiya.

Wassalam. Naku mai bibiyar wannan jarida a kullum.